Kari Biyu a Wandon Shugaban Hukumar Wuta

Ƙanena mai guga ne, kuma tunda nake ban ga mutumin da sana'a ta cinye wa hankali kamar shi ba. Uwarmu ta rasu yana ɗan shekara huɗu. Ni na goya shi, ni na share masa majina, saboda haka ina da bakin faɗin duk abin da zan faɗa a kansa. Yanzu ya haura sittin, gemu ya yi fari fat, amma wayon da na yi shekaru ina ɗura masa ko cokali ɗaya bai zauna ba.

Sunan da ubanmu ya sa masa ya daɗe da ɓacewa. Sitati kowa yake kiransa, saboda yadda kayan jikinsa suke tsayawa ƙiƙam kamar za su yi tafiya ba da shi ba. In ya gamu da mutum, kwalar riga yake fara dubawa, sai hannun riga, sai wando, in lokaci ya rage ya dubi fuska. Matarsa ta yi shekara tara da shi ta tattara kayanta. Ta ce da ni, "Yaya, ranar da nake naƙuda ina murƙususu, zanin gadon yake miƙarwa." Ban ba ta haƙuri ba, don na san ba ƙage ta yi masa ba.

Amma wajen aiki, a bar masa. Tebur ne da tsohon bargo ninki huɗu, da farin yadi a kai. Ya lashi yatsa ya taɓa ƙasan dutsen guga, ya karkata kunne, daga ƙarar da yawun ya yi yake sanin ko zafin na siliki ne ko na kaki. Ya guntsi ruwa ya fesa, feshin ya sauka kamar raɓa. Aljihun kowa sai ya zazzage shi, ko rabin maɓalli ya tsinta sai ya mayar wa mai shi. Shi ba ya iya riƙe komai a ɓoye, na aljihu ko na ciki. Sannan ga maganar kari, wato layin nan da guga ke fitarwa a gaban wando. A wurin Sitati kari ɗaya ne, daga ƙugu zuwa idon sawu. Wanda ya yi kari biyu, a ganinsa gara ɓarawo da shi.

Mijina ya rasu ya bar mini gida mai shago ɗaya a gaba, da firiza babba. Da firizar nake yin ƙanƙara ina sayarwa, ita ce cina da shana. Shagon kuwa na ba Sitati. Muka kira mai gyaran wuta ya jawo waya daga ɗakina, ta bi ta taga, ta bi jikin bango, ta faɗa shagon. Mita ɗaya ce, ta gida. Haka tela ya yi a gidan surukinsa, haka mai aski ya yi, haka rabin layinmu. Muna biyan abin da muka sha, ba wanda ya saci komai. Sai dai kamfanin wuta farashi biyu gare shi, na gida daban, na shago daban, na shagon ya fi cizo. Kowa ya san haka, kowa kuma ya san abin da ba a faɗa. Wannan wayar ita ce ran Sitati. Shekara ashirin da biyu tana manne a bangon nan, in babu ita babu shi.

Sai aka ƙara kuɗin wuta, kafin mu gama zagi aka sake ƙarawa. Katin mitar da ke kai mu wata ya koma ƙarewa a kwana goma. Dutsen guga kuwa ba abin da ya kai shi shan wuta. Muka fara faɗa.

"Kai, kashe abin nan, ƙanƙarata ba ta kama ba."

"Yaya, saura hannun riga ɗaya."

"Tun safe saura hannu ɗaya. Rigar gizo-gizo kake gogewa?"

Ana cikin haka, wata safiya baƙar mota ta tsaya a ƙofar shagon. Ɗan majalisarmu ne. Sitati yana yi masa guga tun yana malamin makaranta mai wando biyu, in ɗaya na jiki ɗaya na kan igiya. Tun da ya ci zaɓe direba yake aikowa da kaya. Ran nan sai ga shi ya fito da kansa, ya ɗage riga ya tsallake kwata. Ina zaune a ƙofar gida na ce a raina, wanda ya shekara shida bai taka layin nan ba, ba gaisuwa ta kawo shi ba.

"Baba Sitati, ana ta fama?"

"Ana ta yi, Yallaɓai. Wannan rigar ba ni na goge ta ba ko?"

Ɗan majalisa ya yi dariya ya wuce maganar. Ya ce akwai hukumar da gwamnati ta kafa don ta tsaya tsakanin kamfanin wuta da talaka, ita ke sa hannu kafin a ƙara farashi, kuma duk abin da kamfani ya kawo sai ta sa hannu. Ya ce kwamitinsu ya kira shugaban hukumar ya zo ya yi bayani a gaban jama'a, za a nuna a talabijin. Suna son talaka ɗaya mai sana'a ya tsaya ya faɗi abin da ke cin sa.

"Ka zo yadda kake ɗin nan," in ji shi. "Da singiletin nan taka mai huji. Jama'a su ga wahala da idonsu."

Sitati ya dubi singiletinsa, ya dubi ɗan majalisa. Na san wannan kallon. Da motar ta tashi ya ce, "In shiga gaban manya da singileti? A ce mai guga ne?"

Wuni guda ya yi a kan farar rigarsa da wandonta. Wutar da ya ƙona a kansu ta isa ta daskarar da ƙanƙarar kwana biyu. Ni kuma na zaunar da shi kamar yadda nake yi yana ƙarami.

"Abu uku za ka faɗa. Wuta ta yi tsada. Aiki ya ragu. A dube mu. Maimaita."

Ya maimaita.

"Daga nan ka ɗinke bakinka. Ba ruwansu da gidana, ba ruwansu da wayar bango. Ka ji?"

"Haba Yaya, sai ka ce yaro."

"Yaro ai ana sa ran ya girma."

Ban yarda da shi ba, shi ya sa na yafa mayafi na bi shi. A motar haya akwai kujera, ya ƙi zama, ya tsaya riƙe da ƙarfe tun daga tasha har majalisa don kada wandon ya karye a gwiwa. Dutsen gugarsa na cikin jaka, rungume a ƙirji.

Ɗakin da suka yi zaman, in da ni ke da shi, da ƙanƙara zan jera a kan kujerun. Sanyi har cikin ƙashi. Rana tsaka, tagogi a rufe da labule, fitilu a sama sun fi hamsin, duka a kunne. A nan za a yi kukan tsadar wuta. Aka kai Sitati gaba, ni aka cusa ni can baya kusa da ƙofa, inda sandata ba za ta kai gare shi ba.

'Yan majalisa suka yi wa shugaban hukumar ca. Wannan ya ce an ɗora su alƙalai sun koma masu riƙe wa kamfani jaka. Wancan ya tambaya wane talaka suka tuntuɓa kafin su sa hannu. Wata mace a cikinsu ta ce a unguwarsu an ninka farashi, wutar kuma sai ta leƙo ta koma kamar mai bin bashi. Namu ya fi kowa. Yana dukan tebur har robar ruwa na tsalle. Amma na lura, in kyamara ta juya wajen wani, sai ya sunkuya yana latsa wayar hannunsa, in ta dawo ya ci gaba da fushi daga inda ya tsaya.

Shugaban hukumar ɗan siririn mutum ne mai tabarau, cikin kwat ruwan toka. Duk wannan ruwan zagi, bai ɗaga murya ba, bai goge goshi ba. Ya buɗe takarda ya karanta lissafi, ya rufe, ya ce na gode. Masu ihu ba su taɓa ba ni tsoro ba. Wannan shi ya ba ni.

Aka kira Sitati. Ya miƙe fes, ya fi duk wanda ke ɗakin kyan shiga. Ya ce wuta ta yi tsada. Ya ce aiki ya ragu, mutane sun koma sa kaya a yamutse. Ya fito da dutsen ya ɗora a tebur, ya ce shekara goma sha bakwai suna tare, yanzu tsoron kunna shi yake ji. Na ce madalla, saura ɗaya mu tafi gida.

Sai shugaban hukumar ya yi abin da ba wanda ya zata. Ya tashi daga bayan teburinsa, ya zagayo, ya zo ya miƙa wa Sitati hannu biyu don a ga yana girmama talaka. Tun safe tebur ya rufe masa ƙafafu, yanzu ga su a fili. Daga inda nake na ga kan ƙanena yana sunkuyawa a hankali. Na yi tari. Na buga sanda a ƙasa. Ina, ya riga ya tafi.

"Ranka ya daɗe," in ji Sitati, bakinsa dab da makirfo, "wa ya goge maka wandon nan?"

Mutumin ya tsaya da hannu a miƙe.

"Kari biyu ne fa. Ga ɗaya nan, ga ɗaya ya bauɗe daga gwiwa. Duk wanda ya yi maka wannan ya sake ka cikin mutane, ba masoyinka ba ne."

Dariya ta fashe. Kyamara ta sauka kan wandon. Ɗan majalisarmu ya yi zumbur ya miƙe, ya ce, "Jama'a kun gani. Hukumar da ta kasa tsayar da kari ɗaya a wando, ita za ta tsayar mana da farashi ɗaya?" Har masu gadi suna riƙe ciki. Sitati kuwa bai san abin da ake wa dariya ba, shi dai yana kallon wandon da tausayi.

Shugaban ya bari dariyar ta lafa. Ya yi murmushi, na leɓe kawai. Ya ce, "Baba, ka yi gaskiya, na gode da gyara. Ina shagon naka yake, in aiko maka da shi?"

Shekara arba'in, duk wanda ya yi wa Sitati wannan tambayar ciniki ya kawo. Fuskarsa ta washe. Ya dubi ɗakin nan cike da manyan riguna, ya ga kasuwa. Ya fara kwatance da hannu biyu: in ka wuce tasha, kwana ta biyu a dama, akwai falwaya mai taransifoma, ka ƙirga gida huɗu, shago mai shuɗiyar ƙofa.

"Ana dai samun wuta a shagon? Ba na son kayana su daɗe."

"Ana samu, ranka ya daɗe, ba matsala. Ai daga ɗakin Yaya muka jawo, ta taga. Mitarta ce ta gida. Duk layin haka muke yi, da tela da mai aski." Ya juyo yana laluben fuskata. "Ga ta can ma a baya."

Kyamara ta juyo kaina. Na ja mayafi na rufe fuska, amma aikin gama ya gama. Shugaban ya ce, "Allah ya ƙara wa Yaya lafiya," ya koma kujerarsa ya rubuta wani abu gajere.

Muka kama hanyar gida. Shi ne ma yake cewa, "Yaya, kin ga yadda ya karɓi gyara? Mutumin kirki ne."

Kwana biyu Sitati ya yi suna. Hotonsa na yawo a wayoyin mutane, matasa na tsayawa a ƙofar shago suna cewa, "Baba, duba nawa, kari nawa ne?" Ba wanda ya kawo ko hankici. A rana ta uku da hantsi mota ta shigo layin, da tsani a bayanta. Ba su tambayi kowa hanya ba. Sun ƙirga gida huɗu daga taransifoma.

Babbansu mai ladabi ne. Ya ce, "Iya, sannu da hutawa. Tagar za mu gani." Ya bi wayar da yatsa daga ɗakina har shago, ya ɗauki hoto, ya ɗaga wa na kan tsani hannu. Firizata, wadda na shekara ina barci da gurnaninta, ta yi shiru. Daga nan suka wuce gidan surukin tela, suka wuce wurin mai aski, wanda suka bari da kan mutum rabi a aske. Gida tara suka yanke kafin azahar.

Da la'asar ruwan ƙanƙara ya malale ɗakina. Tela ya zo ya tsaya a ƙofar shago da almakashi a hannu, ya ce, "Sitati, 'ya'yana shida. Wanne zan kawo maka ka goge ya ƙoshi?" Matar mai aski ta tofar da yawu a kan shuɗiyar ƙofar. Ban hana su ba. Da ba su zo ba, da na aika a kira su.

Muka je gidan ɗan majalisa. Mai gadi ya bar mu a rana. Can wani mai riƙe masa takardu ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce Yallaɓai yana taro, kuma kwamiti ba ya goyon bayan karya doka. Washegari na ji shugaban hukumar a rediyon maƙwabta, da muryar nan tasa mai sanyi. Ya ce abin da ke ƙara wa wuta tsada shi ne masu jan layi ba bisa ƙa'ida ba, kuma ba shi ya faɗa ba, shaidan da majalisa ta kawo da kanta shi ya faɗa da bakinsa. Daga ranar ban sake jin an ambaci kwamitin ba. Kayan ɗan majalisa ma ba su sake zuwa ba.

A ofishin kamfani, wani mai farar riga a bayan gilashi ya shimfiɗa mini zance. In mai gida ce ta ba da izinin jan waya, za a cire mitar gaba ɗaya, sai abin da kotu ta ce. In kuwa ɗan haya ne ya ja ba da saninta ba, ta biya tara kaɗan, a cire wayar, a mayar mata da wutarta. Shagon kuma sai ya sayi mitarsa ta kasuwanci. Ya faɗi kuɗin mitar. Ko Sitati zai goge kayan garin nan kaf, ba zai haɗa shi ba.

"To Iya, da saninki aka ja?"

Sitati na tsaye a gefena, kafaɗarsa na gogar tawa.

"Ni tsohuwa ce, ɗana, ido ya tafi. Ban san an ja ba."

"Shekara ashirin da biyu, ta tagar ɗakinki?"

"Ba na buɗe tagar."

Ya turo takarda na dangwala yatsa. Sitati ya dube ni. Rabon da ya yi mini irin wannan kallon tun ranar da aka fita da uwarmu. Na ɗauka zai yi magana. Sai idonsa ya zame ya koma kan kwalar mai farar riga, ya tsaya a nan. Ni na goya shi, gaskiya ne. Amma goyo ba ya daskarar da ruwa, kuma ba ni na tsaya gaban kyamara ina ƙirga gidaje ba.

Ni da hannuna na ɓamɓare wayar daga bango.

Bayan mako guda wata mota ta tsaya. Direba ya fito da leda, ya ce maigidansa, shugaban hukuma, ya ce a kawo wa Baba, a cire masa kari ɗaya kamar yadda aka yi alkawari. Yana magana yana danne dariya. Wandon nan ne ruwan toka.

Sitati ya karɓa da hannu biyu. Ya shiga gida ya ɗauko tsohon dutsen gawayi na ubanmu, wanda na daɗe ina tokare ƙofa da shi. Ya kankare tsatsar, ya hura garwashi.

Na ce, "Kai, ga dama ta zo har gida. Ɗauki garwashi ɗaya ka ajiye masa a mazaunai. Ka ce tsautsayi ne."

"Yaya, wandon me ya yi?"

"Mai wandon ya kashe ka."

"Yadin mai kyau ne," in ji shi, yana shafa shi da bayan hannu.

Tun hantsi har rana ta karkata yana kansa. Ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa, ya danna, ya ɗaga, ya kai wandon bakin ƙofa ya duba a haske, ya dawo. Hayaƙi na shiga idonsa, hawaye na zuba, yana kawar da kai don kada su ɗiga a yadin. Da ya gama, ko ni da nake son in ga aibu ban gani ba. Kari ɗaya, kamar an ja da wuƙa. Da direban ya dawo karɓa, ya ce da shi, "Ka ce masa ya riƙa aikowa." Bai sake aikowa ba.

Shagon na ba wani mai sayar da magani haya, ya zo da mitarsa. Sitati ya koma tsakar gida, bayan ɗakin girki, da teburinsa da dutsen gawayi. Masu kawo kaya ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, su ma suna ƙorafin warin hayaƙi. Tari ya kama shi, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Wayar nan da na ɓamɓare ban yar ba, na ɗaure ta daga taga zuwa bishiya, a kanta yake rataye abin da ya goge. Dutsen lantarkin yana ƙarƙashin gadonsa, naɗe a cikin tawul. Wani lokaci in ya ji firiza ta tashi sai ya leƙo ɗakina.

"Yaya, ko minti goma?"

"Ko minti ɗaya."

Kuɗin wuta kuwa an sake ƙarawa bayan wata huɗu. Ranar da za a sanar, shugaban hukumar ya fito a talabijin, a tsaye, cikin kwat ɗin nan ruwan toka. Sitati na bakin ƙofata yana leƙe, don ba na barin sa ya shigo da warin gawayi. Mutumin yana karanta sabon farashi, ni ina jin kamar ana zare mini jijiya. Sai na ji ƙanena ya matso, yana nuna gilashin da baƙin yatsansa, murya cike da daɗi.

"Yaya, duba. Bai karye ba. Har yanzu ɗaya ne."

Na miƙa hannu na kashe talabijin ɗin. Wutar tawa ce.